Wa ke da ta cewa a kan na'urar da za ta zana mu?

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah ɗan yayata ya kira ni shagonsu da ke wajen Ƙofar Ƙaura, inda suke buga katin biki da fosta da kalanda. Ya juyo mini da kwamfuta ya ce, "Kawu, dubi abin da ta ba ni." Ashe ya rubuta wa ɗaya daga cikin manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira ne cewa ta zana masa hawan Sallah a Katsina. Maganar gaskiya hoton ya ɗauki ido: dawaki ƙosassu, ƙura ta tashi, hasken hantsi ya sauka a kan mahaya. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar hawa zai san ba mu ba ne. Naɗin rawunan irin na mutanen Indiya ne, babu amawali, babu mai kunne biyu, ganuwar da ke baya ta fi kama da ta Maroko, dogarai ba su sa ja da kore ba, abin da aka riƙa wa mabushi a madadin algaita kuwa ban taɓa ganin irinsa ba.

Shi da abokansa sun riga sun yanke shawara. Za su tara hotunan kayanmu, ɗinkin riguna da huluna, zanen bangon zaure, sirdi da kayan doki, zanen ƙwarya da na lalle, su koya wa na'ura, sannan su buɗe wa jama'a ƙofa kowa ya riƙa jefa ƙuri'a a kan abin da ta zana, kamar yadda ake yi a wani tsari da ake kira Botto. Suna so in shiga cikin masu ba su shawara. Na amsa da zuciya ɗaya, domin na fi son yaranmu su riƙe wannan fasaha da hannunsu a kan su zauna jiran abin da aka dafa a wani gari. Amma kalmar nan ta "jama'a", da suka faɗa cikin sauƙi, ita ta tsaya mini a rai. Su wa ke nan? Kuma idan an ce jama'a ke mulkin na'ura, wane ɓangare na mulkin ne ya zo hannunsu?

Kafin a kai can, ya kamata a san yadda na'urar take koyo. Ana nuna mata hotuna masu ɗimbin yawa, kowane da ɗan rubutun da ke bayaninsa. Ana ɓata hoton da ɗigo-ɗigo har ya dushe, kamar yadda hazon hunturu ke rufe hasumiyar Gobarau, sai a sa ta ta koyi maido shi. Bayan an maimaita wannan ba adadi, sai ta iya farawa daga hazo zalla ta fito da hoton da ba a taɓa ɗauka ba, tana bin kalmomin da aka rubuta mata. Abin da aka ciyar da ita shi ne iyakar saninta. Stable Diffusion, ɗaya daga cikin irin waɗannan na'urori, wadda kamfanin Stability AI ya saki a watan Agustan 2022, an horar da ita ne da hotunan da aka tsamo daga rumbun LAION-5B na wata ƙungiya a Jamus, rumbun da ya ƙunshi hotuna kusan biliyan 5.85 da aka kwaso daga intanet, fiye da biliyan 2 daga ciki da bayanin Turanci. Namu a ciki kaɗan ne, kuma kaɗan ɗin ma sau da yawa baƙo ne ya ɗauka ya rubuta masa suna irin "mahayan Afirka". Shi ya sa na'urar ta ɗauko rawanin Indiya ta naɗa wa hakiminmu. Ba ta san akwai bambanci ba.

Botto kuwa wani mai zane Bajamushe ne, Mario Klingemann, ya tsara shi tare da wata tawagar masu haɗa manhaja da ake kira ElevenYellow, aka ƙaddamar da shi a watan Oktoban 2021. Tunanin shi ne a samar da mai zane wanda ba mutum ba ne, kuma ba mallakin mutum ɗaya ba ne. Na'urar ce ke rubuta wa kanta umarni, ita ke zana dubban hotuna a mako. Akwai wata manhaja ta biyu da ke tace su, aikinta hasashen abin da mutane za su so, ita ke fitar da 350 ta ajiye wa masu ƙuri'a. 'Yan ƙungiyar, da ake kira BottoDAO, su yi zaɓe, hoto ɗaya ya yi nasara, a yi masa shaidar mallaka ta intanet da ake kira NFT, a yi gwanjonsa a kasuwar SuperRare. Kuɗin da aka samu ana raba wani kaso ga masu ƙuri'a, wani kaso ya shiga asusun ƙungiya don biyan kuɗin tafiyar da na'urar. Ƙuri'un da aka jefa kuma ba sa tafiya a banza, da su ake ƙara horar da manhajar tacewar, don haka zaɓen wannan makon yana shafar abin da za a nuna a makon gobe. Akwai kuma doka mai ƙarfi: ba a yarda ɗan Adam ya sa hannu ya gyara hoto ko ya rubuta wa na'urar abin da za ta zana ba. Hoton farko da aka yi gwanjonsa ya haura dala 300,000, kuma a watan Oktoban 2024 gidan gwanjo na Sotheby's ya baje kolin ayyukansa.

Ban raina wannan aiki ba. Manyan kamfanonin da ke da irin waɗannan na'urori ba sa tambayar kowa, sai dai mutum ya wayi gari ya ga an canza doka. A Botto ana tattauna shawarwari a fili, ana jefa ƙuri'a a kan jigon da na'urar za ta bi a kowane zango da yadda za a kashe kuɗin asusu, kuma shige da ficen kuɗin yana rubuce a kundin Ethereum, wato buɗaɗɗen littafin lissafin kuɗin intanet da ake kira kirifto, inda kowa zai iya dubawa. Duk wanda ya taɓa zama ɗan ƙungiyar da ma'aji ya ce littafi ya ɓace ya san darajar wannan.

Sai dai idan aka bi hanyar da hoto ke bi kafin ya iso gaban mai ƙuri'a, za a ga ƙuri'ar ita ce ƙofa ta ƙarshe, kuma an riga an yanke manyan hukunce-hukunce a ƙofofin da suka gabace ta. An riga an zaɓi hotunan da aka ciyar da na'urar, kuma masu ƙuri'ar Botto ba su suka tara su ba, a kan na'urorin da wasu suka horar aka gina tsarin. An riga an tace dubbai sun koma 350, kuma abin da bai tsallake tacewar ba babu wanda zai gan shi, balle ya so shi. Wannan wurin yana da haɗari na musamman, domin manhajar tacewa tana koyo daga zaɓen jiya ta kawo mai kama da shi yau, mutane su sake zaɓa daga abin da aka kawo musu, ita kuma ta ƙara tabbatar wa kanta cewa haka suke so. Idan ba a bar wata kafa da gangan don baƙon abu ya shigo ba, a hankali ido zai saba da abu guda. Sannan akwai mutanen da ke riƙe da makullan kwamfutocin, masu iya karanta lissafin da gyara shi. Ko da an ce ƙungiya ce ke ba su umarni, su ne suka san abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba, kuma wanda ya san wannan shi ke tsara tambayar da za a kawo gaban taro. Mai zaɓa tsakanin tuwo da dambu bai zama mai gida ba, tunda ba shi ya yi cefane ba.

Ita kanta ƙuri'ar, nauyinta ya danganta da yawan sulallan kirifto na Botto da mutum ya saya ya ajiye a tsarin. Mai sulalla da yawa muryarsa ta fi ƙarfi. Masu kare wannan suna cewa wanda ya zuba dukiyarsa shi ya fi damuwa da kada abin ya lalace, kuma a intanet babu hanya mai sauƙi ta tabbatar da cewa mutum ɗaya bai buɗe asusu ɗari ba, don haka mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya ba ta tsayuwa. Hujjar tana da ƙarfi, ban musa ba. Amma abin da ake iya saye ana iya arowa. A watan Afrilun 2022 wani ya ci bashin kirifto mai yawan gaske na ɗan lokaci, ya sayi rinjayen ƙuri'a a wani tsarin kuɗi mai suna Beanstalk, ya amince da shawarar da shi da kansa ya shigar, ya kwashe kadarorin da suka kai kimanin dala miliyan 182, ya biya bashin, duk a cikin mu'amala guda. Bai fasa ƙofa ba, da dokar zaɓen ya shiga. Ko babu ɓarawo ma, akwai wata matsala da ta fi wannan laushi: mutumin da rabonsa ya dogara da farashin gwanjo yana da dalilin zaɓar abin da zai sayu, ko da zuciyarsa na wani wuri. Ɗanɗanon da na'urar ke koya a lokacin na mai saye ne da ake hasashe, wanda bai ma zo taron ba.

Na kwatanta wa yaran abin da wannan zai haifar a nan. A ce sun fitar da sulalla sun ce kowa ya saya. Wa zai saya? Wanda ke da dala, da wayar zamani, da data, da wutar caji, da sanin kan kirifto. Wataƙila ɗan Katsina mazaunin Landan, wataƙila Baturen da ke sha'awar kayan Afirka. Matar da ke zaune a cikin gida a Daura tana ɗinkin hula, wadda zanenta ne aka ɗauka hoto aka ciyar da na'urar, ba ta da ko sule ɗaya a ciki. Za a wayi gari waɗanda ba su san zare ba suna yanke hukunci a kan yadda hular Hausa ya kamata ta kasance, da sunan jama'a.

Wannan ne ya sa na ɗauki ɗan yayan nawa muka je wurin wani dattijo, abokin mahaifina, da ya shekara fiye da yawan shekarun yaron yana ɗinkin babbar riga da hannu. Muka gaishe shi, yaron ya durƙusa ya yi masa bayani tiryan-tiryan. Dattijon bai ɗaga kai daga allurarsa ba sai da ya gama. Ya ce, "Su masu zaɓen, sun san aska biyu daga aska takwas?" Yaron ya ce wasu ba su sani ba, Baba. Ya ce, "To in na ba ku yau, gobe na ce na fasa, kuna iya cire nawa?" Yaron ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Mutumin nan ya riga ya ga yadda ɗinkin kwamfuta ya kwaikwayi aikin da yake kwashe makonni a kansa ya fitar da shi a yini, ya ga yadda farashi ya faɗi, kuma babu wanda ya zo neman izininsa a wancan karon. Tambayoyinsa biyu sun fi duk takardun da na karanta a kan wannan batu kama tushen magana: wa ya cancanci ya yi hukunci, kuma wanda ya ba da nasa yana da hanyar fita?

Tambayar ta biyu tana da amsa a fasaha, kuma amsar ce ya kamata ta tsara yadda za a gina abin tun farko. Idan hoto ya shiga cikin horon babbar na'ura, zare shi yana da wuya ƙwarai, kamar a ce a cire gishiri daga miyar da ta riga ta dahu. Shi ya sa rigima ta yi tsanani a ƙasashen waje. A watan Janairun 2023 wasu masu zane uku, Sarah Andersen da Kelly McKernan da Karla Ortiz, suka kai kamfanonin Stability AI da Midjourney da DeviantArt kotu a Amurka, kamfanin hotuna na Getty Images shi ma ya kai tasa ƙarar. Amma yaranmu ba babbar na'ura za su gina ba, ba su da kuɗin hakan. Abin da za su yi shi ne su ɗauki wadda aka saki kyauta su ɗora mata ɗan ƙarin horo, ta hanyar da masu wannan aiki ke kira LoRA, wadda hotuna 'yan gommai ke isar ta, kuma ana iya sake ta daga farko cikin sa'o'i. Ma'ana, idan aka ware kowace sana'a da nata ƙarin, na maɗinka daban, na magina daban, na masu lalle daban, kuma aka riƙe sunan mai kowane hoto, to ranar da Baba ya ce ya fasa za a iya cire nasa a sake horon. Amma da sharaɗi ɗaya: kada a saki fayil ɗin ƙarin horon a intanet kowa ya sauke. Ranar da aka sake shi, babu taron da zai iya dawo da shi. Wannan hukunci, a saki ko a riƙe, ya fi zaɓen hoton mako nauyi nesa ba kusa ba, kuma shi ne irin wanda injiniya ke yankewa shi kaɗai da dare ba tare da ya ga ya yi wani abu ba.

Akwai mutanen da suka riga mu fuskantar wannan, kuma halinsu ya fi kama da namu a kan na masu gwanjon NFT. Al'ummar Maori na ƙasar New Zealand suna da wata kafar yaɗa labarai mai suna Te Hiku Media. A 2018 suka shirya gasa, mutanensu suka naɗi muryoyinsu da harshensu, aka tara fiye da sa'o'i 300 cikin kwana goma, suka gina na'urar da ke mayar da maganar Maori rubutu. Kamfanoni suka nemi bayanan, suka ƙi sayarwa. Suka rubuta lasisinsu na kansu mai suna Kaitiakitanga, kalmar da ke nufin riƙon amana, wanda ya ce su masu tsaro ne a madadin al'umma, kuma duk amfanin da za a yi da bayanan dole ya koma ga mutanen da suka ba da su. A wurinsu mulki ya fara ne daga abin da ake ciyar da na'ura, daga ƙofar farko.

Doka fa? Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi kariya ga kayan al'adun gargajiya, har da zane da saƙa da sassaƙa da tufafi, idan za a yi kasuwanci da su a wajen muhallinsu na al'ada. Wannan abin farin ciki ne. Amma ikon ba da izinin yana hannun Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, ba hannun maɗinkan Katsina ko maginan Daura ba. A ɗaya ɓangaren kuma, shi hoton da na'ura ta zana ba lallai ya zama mallakin kowa ba. Wata kotun tarayya a Amurka ta yanke a watan Agustan 2023, a shari'ar Stephen Thaler, cewa aikin da babu hannun ɗan Adam a ƙirƙirarsa ba ya samun haƙƙin mallaka, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a watan Maris na 2025. Wanda ya bi dokar Botto ta cewa kada mutum ya taɓa hoton, ya sani yana iya fitar da abin da kowa zai buga a atamfa ya sayar, shi kuma ba shi da bakin magana. Abin da ƙungiya za ta iya karewa da gaske shi ne yarjejeniyar da ta ƙulla da mutanenta a rubuce, da sunanta, da amanar da aka ba ta.

Akwai wani batu da masu Botto ba su da shi a gabansu yadda muke da shi, kuma a nan ne na fi jin tsoron a bar wa ƙuri'ar intanet. Me na'urar ba za ta zana ba? Malamanmu sun daɗe suna magana a kan hoton abu mai rai, kuma a mazhabar Malikiyya an bambanta mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa. Ba a banza ba ne adon bangonmu da rigunanmu ya karkata ga dagi da ƙulli da layuka. Yaran sun so su saka zayyanar allo, irin wadda ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, saboda kyanta. Na roƙe su su dakata. Waɗannan na'urori sun shahara da kwaikwayon siffar rubutu ba tare da sanin ma'anarsa ba, sai su jera abin da ya yi kama da haruffan Larabci alhali ba komai ba ne. A ce ta fitar da allo mai kama da aya amma a karkace, wani ya buga a riga ko a fosta, fostar ta faɗi ƙasa ana takawa. Wa zai ɗauki alhakin? Haka fuskar Sarki, haka fuskar amaryar da hotonta ya shiga saboda lallen hannunta, haka yaran da ke cikin hotunan hawa. Ko rumbun LAION sai da aka sauke shi a watan Disamban 2023 bayan masu bincike a jami'ar Stanford sun gano hotunan cin zarafin yara a ciki, domin an kwaso ne babu wanda ya duba. Irin waɗannan iyakoki ba a sa su a gwanjo, kuma ba a barin rinjayen mako guda ya ɗage su. Ana zama ne da malami da mai sana'a da uwa, a rubuta su tun kafin a kunna na'ura, a kuma tsaurara hanyar canza su.

Da na faɗi haka, ɗaya daga cikin abokan ya ce, "Kawu, to ai kana so ka mayar da mu tsarin sarauta ke nan." Na ce masa ba mu zo duniya jiya ba a kan sarrafa abin da aka haɗa hannu. Kowace sana'a a garin nan tana da shugabanta, Sarkin Maƙera, Sarkin Magina, Sarkin Aska, Sarkin Fawa, kuma a nan ne ake sasanta rigima kafin ta kai gaban alƙali. Muryar mutum a cikin sana'a daga aikinsa take fitowa da shekarun da ya yi yana yi. Matan unguwa suna gudanar da adashi shekara da shekaru babu takardar banki, kowa ya san zubinsa, ya san ranar ɗaukarsa, uwar adashi kuma ta san idan ta ci amana ba ta da wurin zama a biki. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta karɓi kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta shafe rayuwarta tana nazarin yadda ƙauyuka ke kula da makiyaya da ruwan noma da wuraren kamun kifi ba tare da gwamnati ko kamfani ba. Abin da ta gano duk mai noman fadama zai gane shi: a san iyakar su wa ke ciki, waɗanda dokar ta shafa su kasance cikin masu yin ta, mai sa ido ya zama wanda jama'ar za su iya tuhuma, horo ya fara da gargaɗi kafin ya kai ga kora, kuma sasanci ya zama kusa, mai arha. Tsarin da ake shiga da kuɗi a fita da kuɗi tun a sharaɗin farko yake tuntuɓe, domin iyakarsa aljihu ne.

Amma yaron yana da gaskiyarsa, kuma ba zan ɓoye ta ba. Tsarinmu na gargajiya yana da inda yake toshe baki. Yaro ba ya musu da babba ko da ya fi shi sanin abin da ake magana a kai, kuma a wannan aiki yaran ne suka san na'urar. Mata ne ke yawancin ɗinkin hula da saƙar faifai da zanen lalle, amma ba su ke zama a zaure ba, sau da yawa dillali ne ke magana da yawunsu, shi ke cin ribar kuma. Idan aka ce a bi ta hannun shugabannin sana'a kawai, an sake barin su a waje, sai dai wannan karon da Hausa. Don haka abin da na ba da shawara bai yi kama da Botto ba, bai kuma yi kama da fada ba. Waɗanda suka ba da aikinsu su zama 'yan ƙungiya na asali, kowa da murya ɗaya, kuma a nan muna da abin da intanet ba ta da shi, mun san juna, babu mai zuwa taro da fuska ɗari. Su ke da ikon cewa me za a ciyar da na'ura, wa za a ba ita, a kan wane farashi, kuma yaushe za a cire. Matan su sami wakilansu daga cikinsu, a je musu har gida, a yi bayanin da baki, a naɗi amincewarsu a saƙon murya idan ba sa karatun boko. Masu riƙe da makullan kwamfuta su zama ma'aikatan ƙungiya masu ba da bahasi, kuma kada makullin ya zauna a hannun mutum ɗaya. Sauran jama'a, na gida da na waje, a buɗe musu zaɓen hoto su more, su saya, su yaba, su kushe. Wannan ƙofar tasu ce, amma ba ta kaiwa ɗakin ajiya.

Rabon kuɗi shi ma sai an yi hattara. Babu wanda zai iya cewa da tabbaci kashi nawa na hoton da na'ura ta fitar ya fito daga rigar wane, don haka duk wanda ya yi alƙawarin biyan kowa daidai da gudummawarsa ya yi alƙawarin abin da ba zai iya aunawa ba. Gara a yarda da haka tun farko a raba ta sana'a: idan an yi amfani da ƙarin horon maɗinka, kason ya tafi asusun maɗinka, su raba yadda suka amince, ko su sayi zare, ko su ɗauki nauyin yaran da ke koyo.

Yanzu dai yaran sun ajiye maganar sulalla, sun sayi babban littafi mai bango mai kauri, suna rubuta sunan duk wanda suka je wurinsa da abin da ya yarda da wanda bai yarda ba. Baba ya ba su riguna biyu, ya hana su ta uku, ya ce ta wani ce da ya rasu. Makon jiya muka je Daura, ba da nisa da rijiyar Kusugu ba, don ɗaukar wani zaure mai zane a goshinsa, irin aikin da yanzu siminti ke cinyewa gida bayan gida. Mai gidan ya karɓe mu da fara'a, ya ce mu ɗauka yadda muke so. Da muka tambayi wanda ya yi aikin, ya ce maginin ya daɗe da rasuwa, amma yana jin akwai jikokinsa a wani ƙauye ta hanyar Zango, kuma ɗaya daga cikinsu har yanzu yana gini. Muka daɗe a tsaye muna jayayya a kan ko izinin mai gida ya isa. Ɗan yayata ya mayar da kyamarar cikin jaka, ya rubuta sunan ƙauyen a littafin, muka sa ranar Asabar.